Kafin a yi gardamar maki a gasar badujala, a buɗe takardar alƙalai

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini in yi bayani a kan wata gardama da ta zama ruwan dare tsakanin masu sha'awar kiɗan badujala, tun da waya ta kawo mana bidiyon gasar da ake yi a Amurka har cikin ɗaki. Ina nufin gasar Drum Corps International, wadda aka fi sani da DCI. Da zarar an fitar da sakamako sai ka ga jama'a sun rabu gida biyu. Wasu sun ɗauki makin tamkar hukuncin kotun ƙoli: mai 98 ya fi mai 97, magana ta ƙare. Wasu kuma su ce ai son ran alƙalai ne kawai, kiɗa ba hatsi ba ne balle a auna shi da mudu. A ganina kowane ɓangare ya kama wani abu ya saki wani, kuma dalilin guda ne. Yawancin masu gardamar jimilla kaɗai suke gani, ba su taɓa buɗe takardar da ke nuna yadda aka haɗa jimillar ba.

Ga wanda bai san harkar ba, ƙungiya ɗaya tana shiga fili da matasa har 165, iyakar da aka ƙayyade tun 2022, kuma wanda ya haura shekara 21 ya ci zamaninsa, in ban da ɗan sassaucin da ake yi wa wanda ya cika 22 bayan kakar gasar ta kama. Rukuni huɗu ne. Akwai mabusa ƙaho, waɗanda kan kai tamanin a manyan ƙungiyoyi. Akwai makaɗan da ke tafe da gangunansu a rataye. Akwai makaɗan gaba, da ke tsaye a bakin fili da marimba, wato jeren katakai masu sauti da ake bugawa da sanda, da tambura da kayan lantarki. Sai 'yan tuta, masu rawa suna wulla tutoci da bindigogin katako da takubba sama suna cafewa. Wasa ɗaya kan ci minti goma sha ɗaya zuwa sha biyu a filin ƙwallon Amurka, kuma wannan wasa guda shi za su yi ta maimaitawa daga ƙarshen Yuni har mako na biyu na Agusta, gari bayan gari, a motocin safa, suna kwana a ƙasan ɗakunan motsa jiki na makarantu. A Whitewater ta jihar Wiskonsin aka yi gasar ƙarshe ta farko a 1972. Tun 2009 kuwa a filin Lucas Oil da ke Indiyanapolis ake rufe kaka.

To, ga yadda ake haɗa maki 100 ɗin nan. Fanni takwas ne, kowanne da alƙalinsa, kuma kowane alƙali maki 20 ne a hannunsa: 10 na abin da aka tsara, 10 na yadda aka aiwatar da shi. Biyu daga cikin fannonin na tasirin wasa ne, wanda suke taƙaita sunansa da GE, wato yadda kiɗa da motsi suka haɗu suka ratsa mai kallo. Waɗannan biyu ana ɗaukar makinsu cif, 20 da 20, su ba da 40. Fanni uku na abin da ido ke gani ne: taku da tsayuwar jikin kowane mutum, fasalin da jama'ar ke zanawa a fili idan an hango su daga sama, sai 'yan tuta. Ana tara ukun a raba biyu, su ba da 30. Sauran ukun na kunne ne: busa, ganguna, da haɗuwar sautin gaba ɗaya. Su ma a tara a raba biyu, 30. A manyan wasanni ana ninka alƙalai a wasu fannonin, a ɗauki tsaka-tsakin abin da mutum biyu suka bayar.

Bari in ƙirƙiro misali don lissafin ya zauna. A ce ƙungiya ta sami 19.4 da 19.2 a tasiri, ka ga 38.6 ke nan. A fannonin ido ta sami 19.0 da 19.2 da 18.8, jimilla 57.0, rabinta 28.5. A na kunne ta sami 19.6 da 19.1 da 19.3, jimilla 58.0, rabinta 29.0. Abin da mai shela zai faɗa wa fili shi ne 96.1. Yanzu a dubi abin da wannan lissafi ke nufi. Idan makaɗan wata ƙungiya suka tsere wa na abokiyar hamayyarsu da 0.4, wanda tsakanin manya ba ƙaramar tazara ba ce, abin da zai isa jimilla 0.2 ne kacal. Alƙalin tasiri guda ɗaya da ya karkata da 0.2 ya shafe wannan fifiko kaf. Ganguna, duk da su ne a farkon sunan harkar, maki 10 cikin 100 suke riƙe da shi kai tsaye. Busa ma haka. Shi ya sa za ka ga ƙungiyar da ta fi kowa iya kiɗa ta ƙare ta huɗu ko ta biyar, masoyanta su yi ta ihun an yi musu fashi, alhali ba wanda ya taɓa musu komai. Lissafin ne aka gina a kan fifita tsari da tasiri. Mai son ya yi ƙorafi, a nan ya kamata ya ɗora ƙorafinsa, kuma ƙorafi ne mai ma'ana.

Da ba haka ake yi ba. Har zuwa 1983 wani babban kaso na makin ta hanyar ƙirga kurakurai ake fitar da shi. Alƙali na biye da mutane da allo a hannu, duk kuskuren da ya gani ko ya ji sai ya ja ɗan layi, kowane layi ya zaftare 0.1. Tsarin yana da farin jini wurin masu son abu a fayyace, amma ya haifar da wata cuta: wanda ya tsara abu mai sauƙi ya tsabtace shi, shi ke da riba, wanda ya yi ƙundumbalar gwada abu mai wuya shi ke kwana a ciki. Daga 1984 aka koma tsarin gina maki daga ƙasa, inda alƙali ke auna nauyin abin da aka ɗora wa matasan tare da yadda suka ɗauke shi. Takardarsa ta kasu mataki biyar, na ƙoli yana farawa daga kashi 90 cikin 100. Wannan canji kaɗai ya isa ya hana mutum kwatanta makin zamani da na da. Anaheim Kingsmen ta ci kofin 1972 da 88.10. A yau wannan adadi can ƙasan jerin sha biyun da ke kaiwa daren ƙarshe zai ajiye ƙungiya, kuma hakan ba ya gaya mana komai game da ƙwarewar mutanen 1972.

Abin da ya fi muhimmanci a gane shi ne aikin da aka ɗora wa alƙali. Aikinsa na farko jera ƙungiyoyin da ya gani a daren nan, wa ke gaban wa a fanninsa. Na biyu shi ne nuna girman tazarar da ke tsakaninsu. Lambar kanta kayan aiki ce ta bayyana waɗannan abubuwa biyu. Kuma yana ba da makin ne da zarar ƙungiya ta fita fili, tun bai ga masu zuwa ba. Saboda haka dole ya yi tattali. Idan ƙungiya goma sha biyu za su yi wasa, ya ba ta farko 19.5, ina zai sa sha ɗayan da suka rage in sun fi ta? Sai ya bar wa kansa sarari. Wannan ne ya sa ƙungiya ɗaya, da wasa iri ɗaya, za ta iya samun 84 a daren da manya suka cika fili, washegari ta sami 86 a ƙaramin gari inda ita ce babba, ba tare da ta gyara ko taku ɗaya ba.

Ƙara da wurin da ake wasan. A rufaffen fili irin Alamodome na San Antoniyo sauti yana dawowa, gangunan baya su cakuɗe, abin da ya fita tsaf a buɗaɗɗen fili ya zama kamar ana kiɗa a cikin rijiya. A filin makarantar sakandare mai gajerun kujeru kuwa, alƙalin da ke duba fasali bai yi sama sosai ba, zanen da aka tsara don a hango shi daga bene na uku sai ya ga taron mutane kawai suna kai da kawowa. Ga iska da ke kwashe tuta a sama, ga jiƙaƙƙiyar ciyawa. Sannan maki yana hawa da kansa yayin da kaka ke tafiya: manyan ƙungiyoyi kan fara da saba'in da 'yan kai a ƙarshen Yuni, su ƙare a saman 95 a Agusta. Don haka mai ɗauko makin da wata ta samu a Kalifoniya ranar Talata ya jera shi da na wata a Ohayo ranar Alhamis, ya ce ga wadda ke gaba, ɓata wa kansa lokaci yake yi. Alƙalai daban, fili daban, abokan karawa daban. Sai an haɗu a fili ɗaya gaban alƙalai ɗaya, kamar yadda ake yi a San Antoniyo a watan Yuli, sannan za a san inda aka kwana.

Ko tsakanin shekaru makusanta haka abin yake. Blue Devils ta ci kofin 2022 da 98.750, Bluecoats ta ci na 2024 da 98.750 daidai wa daida. Ba wanda ya san harkar da zai ce wasannin nan biyu nauyinsu ɗaya saboda lambar ta zo ɗaya. Haka 99.650 da Blue Devils ta samu a 2014, wanda shi ne mafi yawa a tarihin gasar, abin da yake tabbatarwa shi ne a wannan dare alƙalai sun ga ta yi wa sauran fintinkau, har sai da suka matsa kusa da rufi don tazarar ta fito.

Sai batun ƙananan tazara, inda gardama ta fi zafi. A 2008 Phantom Regiment ta garin Rockford ta zo ta uku a daren farko na gasar rufe kaka, ta biyu a dare na biyu, ranar ƙarshe ta sami 98.125, Blue Devils na da 98.100. Tazarar 0.025 ce. Mai karatu ya lissafa da kansa: idan alƙali ɗaya ya motsa hannunsa da 0.1 a fannin da ake ɗaukar tsaka-tsakin mutum biyu, ya koma 0.05, a sake raba shi biyu wajen haɗa jimilla, ya koma 0.025. Wato mafi ƙanƙantar motsin da alƙali guda zai iya yi, shi ne girman abin da ya raba kofi da rashinsa. A 2019 Blue Devils ce ta tsira da ƙasa da 0.1 a gaban Bluecoats. Sau uku kuma aka yi kunnen doki a saman tebur: Blue Devils da Phantom Regiment a 1996, Blue Devils da Santa Clara Vanguard a 1999, Cadets da Cavaliers a 2000. A irin wannan tazara gaskiyar magana ita ce ƙungiyoyin biyu kai ɗaya suke, da an sauya mutum ɗaya a kujerar alƙalanci da sakamakon na iya juyewa. Kofi dai dole a miƙa wa wani. Amma a ce 0.025 ta tabbatar da wane ya fi wane, an ɗora wa ma'aunin kayan da ya fi ƙarfinsa.

Kada wannan ya sa a zaci ina cikin masu cewa maki ba shi da amfani. Ko kusa. Akwai wuraren da matsayi ke cizo har ya fitar da jini, sai dai ba a inda 'yan kallo suka fi zura ido ba. A Indiyanapolis dare uku ake yi. Ranar Alhamis kowa ya shiga. Ƙungiya 25 na sama su wuce zuwa Juma'a. Daga nan 12 kaɗai ke ganin daren Asabar. Bambancin ta uku da ta huɗu abin hira ne. Bambancin ta 12 da ta 13 kuwa yana iya shafar ƙungiya har shekara mai zuwa da wadda ke bin ta. Dalili shi ne a watan Nuwamba ake fara tantance sababbin matasa, kuma yaron da iyayensa za su biya kuɗin shiga da kan kai dala dubu biyar, wani wurin ma ya wuce, yana so ya tabbata zai taka fili a daren Asabar. Ƙungiyar da ta shiga sha biyu sai ta ga masu neman gurbi sun yi mata yawa, ta zaɓi na zaɓe. Wadda ta tsaya a 13 sai gwanayenta su sulale zuwa na sama, ta sake fara koyar da sababbi daga tushe. Malamai masu suna, kamfanonin da ke ƙera ƙaho da ganguna, tsofaffin 'yan ƙungiya masu ba da gudummawa, duk ruwa ɗaya suke bi. Mai shi ake ƙara wa. Wannan zagaye ne ya sa sunayen da ke saman tebur ba sa cika sauyawa: Blue Devils kaɗai ta ɗauki kofi sau 21 daga 1976 zuwa 2023, ita kuwa Boston Crusaders, da aka kafa tun 1940, sai a 2025 ta ɗanɗana na farko.

Matsayi kuma shi ke tsara lokacin shiga fili. Wadda ke ƙasa ita ke fara wasa, wadda ke sama ta rufe. Mai shiga da wuri tana wasa kujeru rabi babu kowa, alƙalai na tattalin lambobinsu. Mai shiga ƙarshe fili ya cika maƙil, ihun jama'a na ɗaga ta, alƙalin tasiri kuma ɗan Adam ne, yana jin abin da ke faruwa kewaye da shi. Daga nan ne zargin nan ya samo asali, cewa tun tsakiyar Yuli an riga an yanka wa kowa gurbinsa. Zargin ya wuce gona da iri, abin da ya faru a 2008 ma ya ƙaryata shi, amma ba daga iska aka ɗauko shi ba. Har a siyasar cikin gida matsayi na da baki: a 2010 ƙungiyoyi bakwai na sama sun kawo shawarar a ba su kaso mafi tsoka na kuɗi da na iko, bisa hujjar cewa su ke jawo masu sayen tikiti. Ba a amince da shawarar yadda suka kawo ta ba, amma ta nuna wa ƙanana inda suka tsaya.

Wani wurin da maki ke da iko shi ne a kan abin da za a tsara baɗi. A 2016 Bluecoats ta ajiye kakin soja da hular da aka saba, ta fito da tufafin rawa masu sauƙi, ta kafa lasifikoki da manyan abubuwan hawa da gangarowa a cikin fili, ta ci kofinta na farko. Kafin a je ko'ina ƙungiyoyi da yawa sun bi sahu. Abin da alƙalai suka saka wa da maki bana, shi masu tsara wasa za su kwaikwaya baɗi. Mai jin haushin cewa wasannin yanzu sun cika kayan ado da na'urar ƙara sauti, wadda aka halatta tun 2004, kafin a buɗe ƙofa ga kayan kiɗan lantarki a 2009, takardar alƙalai ya kamata ya tuhuma.

Amfanin maki na gaske, wanda ɗan kallo ba ya gani, yana wurin malaman ƙungiya. Kowane alƙali yana magana cikin na'urar naɗar murya tun daga farkon wasa har ƙarshe, ana miƙa wa malamai wannan murya tare da takardar da ta fayyace makin kowane fanni. Malami mai hankali ba jimilla yake fara dubawa ba. Yana duba gida biyun nan na kowane alƙali. Idan makin tsari ya yi sama, na aiwatarwa ya yi ƙasa, to an ɗora wa yara abin da bai zauna musu ba tukuna, magani shi ne atisaye ko rage nauyi. Idan na aiwatarwa ya kamo na tsari suka tsaya tare ba sa motsi, to wasan ya kai iyakarsa, ko an shekara ana gogewa ba zai ƙara komai ba sai an sake rubuta wani sashe.

Ga misalin irin matsalar da takardar ke tonawa. Faɗin filin daga gaba zuwa baya ya kusa mita 49, sauti kuma yana tafiyar kimanin mita 343 a sakan ɗaya. Ke nan bugun da aka yi a layin baya yana isa bakin fili a makare da kusan 0.14 na sakan. Idan ana kiɗa da saurin bugu 180 a minti, bugu ɗaya sulusin sakan ne, ka ga makarar ta kusa rabin bugu. Shi ya sa ake koya wa na baya su bi hannun madugu, mai nuna saurin kiɗa daga gaban fili, da ido, kada su saurari kowa, na gaba kuma su bi abin da kunnensu ke jiyowa daga baya, ko da ya saɓa wa hannun da suke gani. Ranar da makaɗan gaba suka bi hannu, ko mabusan baya suka bi kunne, sai kiɗan ya tsage gida biyu, kuma yana iya ɗaukar sakan da yawa kafin ya haɗe. A takarda za ka ga makin busa lafiya lau, na ganguna ma lafiya, amma na haɗuwar sauti ya faɗi, na tasiri ya bi shi. Wanda ya iya karatun takardar ya san ba a kan yatsun yara matsalar take ba, a kan inda aka tsayar da su ne da abin da aka ce su saurara. Haka a taku: ƙa'ida ita ce taku takwas a kowane yadi biyar, inci 22.5 kowanne. Mutum ɗaya ya rage inci biyu a kowane taku, kafin taku goma sha shida ya bar gurbinsa da kusan yadi guda, layin da ya kamata ya miƙe ya karye, kuma daga sama ana ganinsa ƙarara.

Inda abin ke lalacewa shi ne lokacin da malamai suka koma bautar lambar. A makonni biyu na ƙarshe akan cire wa yaro sashen da ya sha wahalar koyo tun Mayu, a ce ya riƙe ƙaho a baki kada ya busa, don kawai sautin ya fita tsaf. Wani lokaci hakan daidai ne. Wani lokaci kuma asara ce biyu, domin alƙalin da ke auna nauyin tsari zai lura an zuba wa abin ruwa, ya rage a can abin da aka samu a nan. Akwai masu sauya ƙarshen wasa duk mako saboda maganar alƙali ɗaya, yara su isa Agusta ba sashen da ya zauna musu. Mafi muni shi ne ƙara awannin atisaye a kan goma ko sha biyun da ake yi a rana, cikin zafin Yuli na Teksas, a rage barci, a rage hutun shan ruwa. Ƙafafu su fara tsagewar ƙashi, gurabe su buɗe a cikin fasali, makin da ake nema ya zube ta ƙofar da aka buɗe da hannu.

Akwai kuma abin da jadawali ba ya gani sam. Santa Clara Vanguard ta ci kofi a 2018, ta zo ta biyar a 2022, a 2023 ba ta iya fita ba saboda matsalar kuɗi. Cadets, da aka kafa a 1934, mai kofi goma, shugabanta na shekaru da dama ya sauka a 2018 bayan wasu mata sun zarge shi da cin zarafinsu. Ita ma ta biyar ta zo a 2023, daga nan ba ta sake taka fili ba, a 2024 ta bayyana karyewarta a kotu. Duk wanda ya dogara da maki don ya san lafiyar waɗannan ƙungiyoyi, da ya ce garau suke har ranar da suka faɗi. Iyayen da za su miƙa ɗansu wata uku, tambayar abinci da direbobi da ma'aikacin lafiya da wanda ake kai wa ƙara ta fi musu tambayar matsayin bara.

Abin da jama'a ke riƙewa a zuciya ma ba ya bin jadawali sau da ƙafa. Star of Indiana ta sha kaye a hannun Cadets da 0.1 a 1993, wasu 'yan kallo har ihun ƙi suka yi mata, daga nan ta bar gasar, amma har yau masu tsara motsi suna komawa ga wannan wasa su yi nazari. Madison Scouts ta huɗu ta zo a 1995, kuma da wuya a yi hirar wasannin da suka tayar da fili tsaye ba a ambace ta ba. A 2020 annobar korona ta hana kaka gaba ɗaya, a 2021 aka dawo aka yi wasanni har Indiyanapolis ba tare da maki ba. Matasa sun yi atisaye, jama'a sun kalla. Amma da 2022 ta zo aka maido da alƙalai, domin ƙungiyoyin da kansu ne ke kafa dokokin, kuma sun san abin da ke sa yaro ya sake maimaita taku goma sha shida karo na arba'in da rana tsaka.

Edita, abin da ya sa na ga maganar ta shafe mu shi ne faretin 'yan makaranta da ake yi ranar 27 ga Mayu da 1 ga Oktoba. Galibi abin da ake shelantawa shi ne ta ɗaya, ta biyu, ta uku, kowa ya watse, malamin da yaransa suka zo na bakwai bai san ko taku ne ya kayar da su ba, ko ganga, ko layi. Masu shirya irin wannan fareti ba sa buƙatar alƙali takwas. Uku sun isa: ɗaya ya tsaya a kan taku da jere, ɗaya a kan kiɗa da busa, ɗaya ya hau sama ya dubi tawagar gaba ɗaya. A rubuta abin da kowannensu zai duba a raba wa makarantu tun ana saura wata guda, a jefa ƙuri'a wajen tsara wanda zai fara shiga, kada alƙalan su ga takardar juna sai an tattara, sannan a ba kowane malami kwafin tasa kafin ya bar fili. Ku kuma 'yan jarida, in za ku buga sakamako, ku taimaka ku haɗa da makin kowane fanni da tazarar da ke tsakanin makarantun.

Na gode da wannan dama. Wassalam.

Mai karanta jaridarku a kullum,
daga Kaduna